Abdu Mumuni, malamin da ya sa rana aiki

Duk yaron da ya tashi a Arlit ko Akokan ya san ƙurar ma'adini, ya kuma san zafin rana. Tun 1971 aka fara fid da yuraniyom daga ramin Arlit. Manyan motoci suka riƙa ɗaukarsa zuwa kudu, jiragen ruwa suka kai shi Faransa, can aka yi ta samun wutar lantarki da shi. Ita kuwa rana, ba mai iya loda ta a mota. Yau za mu karanta labarin wani ɗan Nijar da ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda talaka zai ci moriyarta. Sunansa Abdu Mumuni Joffo.

An haife shi a Tasawa, ran 26 ga watan Yuni 1929. Lokacin nan Faransawa ke mulkin ƙasarmu. Makarantun boko kaɗan ne, kuma a yawancinsu yaron da ya yi magana da harshen gidansu sai a rataya masa wani abu a wuya, ana ce masa sambol, don ya ji kunya. Abdu ya yi ƙwazo har aka tura shi Senegal, makarantar horon malamai ta Wiliyam Ponti. Daga can ya wuce Paris. A 1956 ya ci jarrabawar manyan malamai da a ke kira agiregasiyon, a fannin fizik, wato ilimin haske da zafi da motsi. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen da Faransa ke mulki a Afirka da ya ci ta a wannan fanni.

Kafin haka, ran 10 ga Disamba 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a Paris ta amince da takardar haƙƙoƙin ɗan Adam. Sashe na 19 ya ba kowa ƴancin faɗin ra'ayinsa. Sashe na 27 ya ba kowa haƙƙin samun rabonsa cikin ci gaban kimiyya da amfaninta. Magana ce mai daɗi, amma a ƙasashenmu tana kan takarda kawai. Abdu yana cikin ɗaliban da ba su yarda su yi shiru ba. Da shi aka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa. A 1957 kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a Senegal, mai neman ƴancin kai ba tare da jinkiri ba. Faɗin irin wannan magana ba wasa ba ne a lokacin: a 1959 an hana jam'iyyar Sawaba a Nijar, a 1960 kuma aka hana PAI a Senegal.

A 1958 mutanen Gine suka ƙi zama ƙarƙashin Faransa. Faransa ta yi fushi, ta kwashe ma'aikatanta, har da malamai. Azuzuwa suka zama ba mai koyarwa. Abdu ya bar aikinsa a Dakar ya tafi Konakiri ya kama alli. Ni a ganina, a nan ne a ke gane halinsa.

Bayan haka ya yi shekaru a Tarayyar Sobiyet yana nazarin ƙarfin rana. A 1964 ya koma Bamako, ya kafa wa ƙasar Mali ɗakin binciken rana. Ku duba: ilimin da ya samo a Senegal da Faransa da Rasha, ƴan Gine da ƴan Mali ma sun ci amfaninsa. A shekarar nan ta 1964 ne littafinsa kan ilimi a Afirka ya fito da Faransanci, daga baya aka juya shi da Ingilishi. A ciki ya nuna yadda makarantar mulkin mallaka ta raba yaro da mutanensa, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunan iyayensu. Shekara 9 bayan haka, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda a ke fara karatu da Hausa. Irinta ce ku ke ciki.

A 1969 ya dawo gida, ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL a Yamai. Shi da abokan aikinsa sun ƙera tukunyar ɗuma ruwa, da murhu, da na'urar tace ruwa, duk masu aiki da rana. Dabarar ɗuma ruwan ba ta da wuya. Baƙin ƙarfe yana shan zafi, gilashin da ke bisansa yana hana zafin fita, ruwan da ke bi ta cikin bututu sai ya yi zafi. Ba itace, ba gawayi. Wanda ya san tsadar itace a Arlit ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ya riƙe Jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991. A shekara ta gaba aka sa wa jami'ar sunansa.