Nana Asma'u, Uwar Ƴan Taru

Ƴan uwa na gida da na ci-rani, ga tarihin wata baiwar Allah.

An haifi Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, a Ɗagel cikin 1793. Ta yi karatu mai zurfi, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sakkwato.

Da ta ga matan karkara ba su da hanyar karatu, sai ta kafa Ƴan Taru. A gari akan sami dattijuwa mai amana, a kira ta jaji, Nana ta ɗora mata malfa da jan rawani. Irin malfar nan Innar Gobir ke sawa, don haka mata suka san girmanta. Jaji takan ja tsofaffi da ƴan mata a ƙasa har Sakkwato, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu. Nana ta raba wa mabukata, ta karantar da su, su koma gida su koyar, su yi jinyar marasa lafiya, su wanke gawar mata.

Ta rasu cikin 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu. Allah ya ji ƙanta.

Cikin 1991 aka soma asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata na zubi kowane mako, suna rancen jarin ƙuli-ƙuli da kiwon awaki. Asusu ba ya tsayawa sai da mace mai amana irin jaji. Mazan Tasawa da Mayahi, ku bar matanku su je taro.