Dokta Alois Alzheimer: Likitan Da Cutar Mantuwa Ta Ci Sunansa

Yau filinmu na tarihi zai leƙa ƙasar Jamus ne, mu ji labarin likitan da ya fara nuna wa duniya abin da ke faruwa cikin ƙwaƙwalwar mai cutar mantuwa.

An haifi Alois Alzheimer ran 14 ga watan Yuni, 1864, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Marktbreit. Bayan ya gama karatun likitanci, a 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare kuma shi da abokinsa Franz Nissl suna rina naman ƙwaƙwalwa suna nazarinsa da madubin likita. A 1894 ya auri wata bazawara mai wadata, Cecilie, suka haifi 'ya'ya uku. Ta rasu a 1901, kuma dukiyar da ta bari ta taimaka masa wajen ci gaba da bincikensa.

A watan Nuwamba na wannan shekara ta 1901 aka kawo wata matar aure mai shekara 51, Auguste Deter, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Ita dai da lafiyarta ƙalau, sai ta fara wani irin kishi marar dalili, tana zargin maigidanta. Girkin da ta saba ya rikice mata, tana ɓoye kaya, tana ihu, tana tsammanin za a kashe ta. Alzheimer bai ɗauke ta mahaukaciya kawai ya wuce ba. Ya zauna da ita cikin haƙuri yana tambayarta, yana rubuta amsoshinta da hannunsa. Allah Sarki, da ya ce ta rubuta sunanta, kafin ta kai ƙarshe ta manta abin da take rubutawa.

A 1903 ya koma Munich wajen Farfesa Emil Kraepelin, amma bai manta da ita ba. Da ta rasu ran 8 ga Afrilu, 1906, aka aika masa da ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta motse, ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyinta, ga kuma wani abu kamar zaren da ya cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ashe duk wannan kishi da rikicewa ciwo ne a jiki.

A Nuwamba 1906 ya gabatar da abin da ya gano a taron likitoci a Tubingen. Abin mamaki, ko mutum ɗaya bai yi masa tambaya ba. Kraepelin ne a 1910 ya sa wa cutar sunan Alzheimer a littafinsa na koyarwa. A 1912 aka naɗa shi farfesa a Breslau, amma rashin lafiya ta kama shi, ya rasu ran 19 ga Disamba, 1915, yana da shekara 51. An binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Na baya ne suka ɗora kan aikinsa. A 1976 aka gano cewa sinadarin asetilkolin, mai isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana ƙaranci ga masu cutar, kuma a kan wannan aka haɗa maganin donepezil da Amurka ta amince da shi a 1996. A 1984 aka gane cewa dunƙulen nan wani furotin ne, amiloyid, sannan a 1986 aka gane zaren, furotin ne mai suna tau. Magungunan suna sassautawa ne, ba sa warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu gigin tsufa sun haura miliyan 55, kuma wannan cuta ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari.

To 'yar'uwa, in kika ga Inna ko surukarki ta ci abinci yanzu ta ce ba a ba ta ba, ko ta ce kin sace mata kuɗi, kada ki ce sharri ne ko sammu. A kai ta asibiti da wuri, domin wasu abubuwan da ke kawo mantuwa, kamar ƙarancin bitamin B12, ana maganinsu. Kada ki yi musu da ita, ki lallaɓa ta. Allah Ya ba mu haƙurin kula da tsofaffinmu, amin.