Liyonidas Sarkin Sparta

An yi silimar yaƙin Tamofili a 1962, aka fito da wata a 2007. Kafin ɗayanku ya zauna kallo, ina so ya san mutumin da a ke kwaikwayo.

Liyonidas ɗan Sarkin Sparta ne, a ƙasar Girka, amma da yayye biyu a gabansa, ba wanda ya zaci sarauta za ta zo kansa. Saboda haka ya sha horon soja tun yana yaro, kamar sauran 'ya'yan gari. Da yayyen suka mutu, aka naɗa shi.

A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Zaksis Sarkin Farisa ya kawo yaƙi. Liyonidas, a lokacin yana wajen shekara 60, ya zaɓi jarumai 300, kowanne da ɗa namiji a gida, don kada zuriya ta yanke. Ya haɗu da sauran Girkawa, suka tare wata matsattsiyar hanya tsakanin dutse da teku. Kwana biyu Farisawa ba su sami wucewa ba, sai wani ɗan ƙasa ya nuna musu ɓarauniyar hanya ta kan dutse.

Da Sarki ya ga an kewaye su, sai ya sallami yawancin rundunar, ya tsaya. A rana ta uku aka kashe shi, Zaksis ya sa aka sare kan gawar.

Abin da ya ke ba ni haushi, mutanen Tasfiya 700 sun ƙi tafiya, sun mutu tare da shi, amma kullum 300 a ke ƙirgawa.