Ibn Khaldun, malamin da ya auna mulki da kasuwa

Yau za mu waiwayi rayuwar Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a birnin Tunis a shekarar 1332. Yana saurayi annoba ta 1348 ta ɗauke iyayensa da malamansa da dama. Daga nan ya shiga aikin fada. Ya yi wa sarakunan Fas da Garnada hidima, ya ga ɗaukaka, ya kuma sha ɗauri na kusan shekara 2 a Fas.

Da ya gaji da makircin fada, sai ya keɓe a Ƙal'at Ibn Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Can ya rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377. A ciki ya nuna cewa haɗin kai ne ke kafa mulki a fagen yaƙi, amma in jikoki suka tashi cikin daula, sai su manta wahalar kakanni, mulki ya suɓuce. Ya kuma yi gargaɗi cewa dukan yaro wurin karatu na koya masa ƙarya da lalaci.

Abin da ya fi shafar mu ƴan kasuwa shi ne batun haraji. Ya lura cewa sabon mulki na aza lampo kaɗan, mutane su yi saye da sayarwa, baitulmali ya cika. In almubazzaranci ya shigo, sai a yi ta ƙara haraji, fatake su karaya, kuɗin shiga ya ragu. Haka nan in sarki ya shiga fatauci da kansa, talaka ba ya iya gogayya da shi, sai jarinsa ya karye.

A 1382 ya koma Masar, ya koyar a Azhar, ya zama alƙalin Malikiyya. Iyalinsa sun nutse a teku suna hanyar zuwa gare shi. A 1401 aka zura shi da igiya daga ganuwar Dimashƙa ya gana da Timur, mayaƙin da ya kewaye birnin. Ya rasu a Alƙahira a 1406.

Duk ranar da muka ga rumfuna na rufewa saboda nauyin haraji, mu tuna wannan bawan Allah ya hango haka tun fiye da shekara 600. Allah ya jiƙansa.