Witold Pilecki: Jarumin Da Gwamnatin Ƙasarsa Ta Kashe

Labarin Kyaftin Witold Pilecki na ƙasar Polan yakan faɗo mini a ofis. An haife shi a 1901. A 1940 ya miƙa kansa da gangan Jamusawa suka kai shi sansanin Auschwitz, don ya sanar da duniya kisan da ake yi can. Ya tsere a 1943. Bayan yaƙi, gwamnatin kwaminis ta zarge shi da leƙen asiri, aka harbe shi ran 25 ga Mayu, 1948. Sai a 1990 kotu ta wanke shi. Ni ma'aikacin gwamnati ne, nakan tambayi kaina: da takardar hukuncinsa ta zo teburina, da zan sa hannu kuwa?