Marigayi Deke Slayton: Ya Zaɓi Masu Zuwa Wata, Shi Kuwa Bai Je Ba

An haifi Donald Slayton, wanda aka fi sani da Deke, ran 1 ga Maris, 1924, a wata gona kusa da garin Sparta cikin Jihar Wisconsin ta Amurka. Tun yana ƙarami injin yankan ciyawa ya guntule masa yatsa ɗaya na hannun hagu, amma wannan bai hana shi zama matuƙin jirgin sama ba, har ya kai hare-hare sau 56 a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Cikin 1959 hukumar NASA ta zaɓe shi cikin mutum bakwai na farko da za ta tura sararin samaniya. Ana gab da tafiyarsa a 1962 sai likitoci suka ce bugun zuciyarsa ba daidai yake ba, aka ba wani gurbinsa. Da wani ne da ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Shi kuwa sai ya karɓi shugabancin 'yan sama jannati, watau shi ke tsara wanda zai hau wane kumbo. Ta hannunsa sunan Neil Armstrong ya fito a tafiyar da ta kai mutum wata a 1969. Shekara goma yana sallamar abokansa yana ƙasa, ya bar taba da kofi don neman lafiya, sa'an nan a 1972 aka yarda masa ya tashi. A watan Yuli na 1975, yana da shekara 51, ya hau kumbon Apollo wanda ya haɗu da Soyuz na Tarayyar Sobiyet a sama. A lokacin ƙofar wata ta riga ta rufe, gama tun Disamba 1972 aka yi tafiyar ƙarshe.

Abin da ya yi bayan ya bar aikin gwamnati a 1982 shi ne mutane ba su cika tunawa ba, alhali kuwa a ganinmu bai gaza na farkon ba. Ya shugabanci wani ƙaramin kamfani a birnin Houston mai suna Space Services, wanda rokarsa ta farko ta tarwatse wajen gwaji a 1981. A zamanin nan harba roka aikin hukuma ne kurum, kuma babu ofishi guda mai ba da izni, sai kamfanin ya yi ta bin ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya. Ran 9 ga Satumba, 1982, daga wani filin kiwon shanu a tsibirin Matagorda na Jihar Teksas, suka harba Conestoga 1, wadda aka ƙera da injin makami mai linzami na Minuteman. Ta yi sama fiye da mil 190, ta zama roka ta farko da kuɗin 'yan kasuwa ya kai sararin samaniya. Shekara biyu bayan haka Majalisar Amurka ta yi dokar da ta tsara wannan sana'a.

Kasuwar dai ba ta buɗe masa ba, abokan ciniki sun yi ƙaranci. Ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya rasu ran 13 ga Yuni, 1993, yana da shekara 69. Sai a watan Fabrairu na 2024 kumbon wani kamfani ya fara sauka a kan wata, watau Odysseus na Intuitive Machines, ko da yake ya kishingiɗa wajen saukar. Shi ma wannan kamfani a Houston yake.