Allen Ellender: sanatan Amurka da ƙasashen Afirka suka rufe wa ƙofa

A watan Yulin 1961, Firayim Ministan Najeriya, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi, ya tsaya a zauren Majalisar Wakilan Amurka ya yi jawabi a matsayin shugaban gwamnatin ƙasa mai 'yancin kanta. A ɗaya ɓangaren ginin, inda Majalisar Dattawa ke zama, akwai wani dattijo da ya riga ya shafe shekara 24 a kan kujera, wanda a ganinsa baƙar fata bai cancanci mulkin kansa ba. Sunansa Allen Joseph Ellender.

An haife shi ranar 24 ga Satumban 1890 a ƙauyen Montegut, a kudancin jihar Luwiziyana, yankin da ake noman rake, inda har Faransanci ake yi a gidaje. Ya karanta shari'a a Jami'ar Tulane, ya kammala a 1913, ya fara aikin lauya a garin Houma. A 1924 ya shiga majalisar dokokin jiha, inda ya zama na hannun daman Gwamna Huey Long, ɗan siyasar da talakawa suka so, masu kuɗi suka tsana. A inuwar Long ya zama kakakin majalisar a 1932. Da aka harbe Long a 1935, kujerarsa ta sanata ta faɗo hannun Ellender, ya kama aiki a Janairun 1937, bai kuma sauka ba sai da ajali ya sauke shi.

Ba a daɗe ba ya nuna inda ya dosa. A wancan zamani, a jihohin kudu, gungun farar fata kan kama baƙin mutum bisa zargi kawai, su rataye shi ba tare da an je gaban alƙali ba, kuma da wuya a hukunta kowa. A 1938 aka kawo ƙudurin da zai ba gwamnatin tarayya ikon hukunta masu wannan ta'asa. Dokar Majalisar Dattawa ta ba sanata damar ya yi ta magana ba iyaka don hana kaɗa ƙuri'a, Ellender kuwa ya riƙe zauren na tsawon kwana shida. Ƙudurin ya mutu. Sai a 2022 Amurka ta sami irin wannan doka, bayan shekara 84. A 1956 ya sa hannu a takardar da 'yan majalisar kudu suka fitar ta ƙin hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Ya ƙi dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, ya kuma ƙi ta 'yancin zaɓe ta 1965.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, mutumin ba maƙiyin talaka ba ne. Yana cikin waɗanda suka tsaya wa dokar ciyar da ɗalibai a makarantu ta 1946, kuma sunansa na kan ƙudurin da ya haifi dokar gina gidaje masu sauƙin kuɗi ta 1949. Ya shugabanci kwamitin aikin gona kusan shekara 18, yana kare manoman rake da shinkafa na jiharsa. 'Ya'yan baƙar fata da dama sun ci abincin da ya taimaka aka samar, amma a makarantun da ya dage sai an ware su. Ya yarda a cika musu ciki, bai yarda a ba su ƙuri'a ba.

Matafiyi ne kuma. Kusan duk hutun majalisa yakan zaga duniya yana bin diddigin yadda ake kashe kuɗin tallafin Amurka, wanda yake ɗauka almubazzaranci ne. A Disambar 1962 wannan yawo ya kai shi Salisbury, babban birnin Rodeshiya ta Kudu, inda farar fata 'yan tsiraru ke mulki. Nan ya shaida wa 'yan jarida cewa mutumin Afirka ba zai iya shugabanci ba sai da taimakon Bature. Maganar ta bazu nan take. Yuganda, wadda ba ta wuce wata biyu da samun 'yanci ba, da Tanganyika da Habasha suka ce kada ya taka ƙasarsu. Gwamnatin Shugaba Kennedy, wadda ke zawarcin sababbin ƙasashen Afirka don kada su karkata ga Tarayyar Sobiyet, ta yi gaggawar nesanta kanta da kalaman. A gida kuwa ko gezau: an sake zaɓensa a 1966.

A 1971 ya zama shugaban riƙo na Majalisar Dattawa, wato mutum na uku a jerin masu gadon kujerar shugaban ƙasa, ya kuma karɓi kwamitin rabon kuɗaɗen gwamnati. Yana tsakiyar yaƙin neman wa'adi na bakwai ya mutu ranar 27 ga Yulin 1972, yana da shekara 81. Shugaba Nixon ya halarci jana'izarsa a Houma. Har yau akwai makarantar sakandare a garin da ke ɗauke da sunansa, haka ma ɗakin karatu na Jami'ar Nicholls da ke Thibodaux. Birnin da ya yi waccan magana a cikinsa kuwa, tun 1982 ake kiransa Harare.